Aiki ya kawo ka Damagaram: tambayoyin sabon zuwa da amsoshinsu

Shekara shida ke nan da aiki ya ɗauko ni daga Tawa ya sauke ni a Damagaram, da akwati ɗaya da tabarma da lambar wayar wani abokin yayana. Tun daga lokacin, duk sanda aka yi sabon rabon ma'aikata sai wayata ta dinga ƙara: an turo ƙanen wane, ɗiyar wance ta samu aiki da wata ƙungiya, don Allah a ba su haske. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Na fi daɗewa a kan abubuwan da na ga sun fi ba baƙo wuya.

Zinder zan ce ko Damagaram?

A takarda da allon mota Zinder za ka gani, a bakin mutane kuwa Damagaram za ka fi ji. Damagaram sunan daular ce, wadda sarautarta ke da tushe a Barno, ta kuma kai ƙarfinta a ƙarni na 19 zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birnin da ganuwa. Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi mazaunin mulkinsu na Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a koma Yamai. Mutanen nan suna sane da wannan tarihi, kuma za ka ji shi a yadda suke riƙe kansu. Ƙidayar 2012 ta nuna garin ya haura mutum 300,000, an kuma raba shi gundumomi biyar. Saboda haka kada ka shigo da tunanin cewa daji aka jefa ka. Na ga waɗanda suka zo da wannan kallo, kuma su ne suka fi daɗewa ba su saba ba.

Yaya hanya take, kuma yaushe ya kamata in iso?

Daga Yamai kusan kilomita 900 ne a kan babbar hanya ta 1: Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, Takeita, sannan Damagaram. Motocin kamfanoni irin su Rimbo da STM kan tashi tun kafin asuba, sai dare ya yi ake sauka. Daga Maraɗi tafiyar ba ta kai kilomita 250 ba, Kano ma kusan haka take. In da hali ka iso mako guda kafin ranar kama aiki, kuma ka shirya wanda zai tarbe ka a tasha. Neman ɗaki da gajiyar hanya a jiki shi ke sa mutum ya karɓi abin da zai yi nadama a kai.

A wace unguwa zan nemi gida?

Birni ita ce tsohon gari, inda fadar Sarki da babban masallaci suke, da lunguna masu ƙunci da gidajen ƙasa masu zane a goshi, ga manyan duwatsu sun tsaya tsakanin gidaje kamar an ajiye su da hannu. Yawanci gidajen gado ne, ɗakin haya bai cika yawa ba, amma in ka samu, ɗakin ƙasa ya fi na siminti da kwano sanyi nesa ba kusa ba. Zango asalinta masaukin ayari ce, inda fatake da raƙumansu ke yada zango, har yau kuma unguwar 'yan kasuwa ce. Akwai Sabon Gari, akwai Garin Malam, akwai Karkada, ga kuma sababbin unguwanni da ke ta miƙewa a bakin gari, inda za ka samu gini sabo amma hanya rairayi ce. Wajen jami'ar André Salifou ɗalibai kan rage yawan ɗakunan da ke a sake, musamman lokacin komawa karatu.

Dillali zai yi maka magana da kalmomin da kowa ya sani a nan. Antire-kushe ɗaki ɗaya ne tak. Shambur-salo ɗaki da falo. Selibateriyom kuwa jerin ɗakuna ne a fili guda, galibi da banɗaki da pampo na tarayya. Ga wanda ya zo shi kaɗai, ni na fi son gidan da ake zaune da wasu, ko da ya ɗan rage sirri, don dalilin da zan faɗa yanzu.

Da gaske ne abin da ake faɗa game da ruwa?

Da gaske ne, kuma shi ne abu na farko da za ka tambaya kafin kuɗin haya, kafin launin bango, kafin komai. Garin yana zaune ne a kan dutse. Duwatsun nan da kake gani a Birni su ne a ƙarƙashin ƙasa, kuma dutse irin wannan ba ya riƙe ruwa, shi ya sa haƙa rijiya a cikin gari sau da yawa ba ya kai ga komai. Ruwan pampo daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Machaya da Arunguza, gari kuma kullum ƙaruwa yake. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birni daga nan a 1926, wato matsalar ta girmi kakanninmu. An yi ayyuka an ƙara ruwan, amma da zafi ya kama daga watan Maris zuwa saukar damina, wasu unguwanni sai su kwana biyu, uku pampo bai ɗiga ba, in ya zo ma tsakar dare yake zuwa.

Bazarata ta farko, ina ɗaki ɗaya a wani gida mai ɗakuna shida. Wani dare wajen ƙarfe biyu na ji ana ƙwanƙwasa ƙofata a hankali. Tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe ce, wadda duk gidan ke ce wa Inna. "Malam, tashi, ruwa ya zo." Na fito na tarar da bido-bido, wato jarkokin ɗibar ruwa, masu ruwan ɗorawa sun yi layi daga bakin pampo har zaure, pampon yana ta huci yana tofar da iska kafin ya saki wani siririn ruwa kamar zare. Ba mai magana da ƙarfi, don yara na barci a tsakar gida. Ni bido ɗaya gare ni. Inna ta dube shi, ta shiga ɗakinta ta fito da biyu ta ajiye bayan nawa, ta ce in riƙe har in sayi nawa. Daga baya da aiki ya kai ni ƙauye na kwana huɗu, na dawo na iske randata cike an rufe ta da faifai. Ban roƙa ba. Abin da kawai na yi tun zuwana shi ne ina tsayawa in gaishe ta kowace safiya.

To, ga abin da nake ba da shawara. Ka sayi tano guda, wato duron tara ruwa, da bido huɗu ko biyar a makon farko, da randa don ruwan sha, domin ruwan randa yana yin sanyi ko ba wuta. Ka samu mai ga-ruwa ɗaya ka riƙe shi, ka karɓi lambarsa, ka biya shi a kan lokaci tun ruwa na araha. In bazara ta yi tsanani kuɗin bido kan ninka, masu kura kuma waɗanda suka saba da su suke fara kai wa. Kuma kada ka tambayi dillali ko mai gida game da ruwa. Ka koma unguwar kai kaɗai da la'asar, ka tambayi mai shagon kusa ko matan gidan da ke maƙwabtaka: "A watan Afrilu sau nawa pampo ke zuwa a mako?" Su za su gaya maka gaskiya.

Me kuma zan bincika kafin in biya haya?

Kontar wuta: taka ce kai kaɗai ko ta tarayya ce? In ta tarayya ce, yaya ake raba kuɗin, da yawan ɗakuna ko da yawan kayan wuta? Wanda ya tashi ya bar bashi a kai? Ka duba rufi ko yana yoyo, ka duba ko ƙofar gidan tana cikin kwari inda ruwa ke taruwa da damina. Yawancin masu gida kan nemi kuɗin wasu watanni a gaba, wani lokaci da kuɗin ajiya, dillali ma da nasa. Ko nawa ka bayar, a rubuta a takarda da shaidu biyu. Wasu na jin nauyin neman takarda wurin dattijo, amma in ka ce "Baba, a rubuta saboda mantuwa da mutuwa", ba wanda zai ji haushi.

Na ji ana cewa dala, ana cewa jika. Yaya lissafin yake?

Wanda ya taso a Nijar ya san wannan, amma 'yan'uwanmu da ke zuwa daga Najeriya da waɗanda suka girma da lissafin Faransanci kan rikice. Dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100, dala hamsin 250, dala ɗari 500, jika ɗaya kuma 1,000. In mai tumatir ta ce maka "talatin", sefa 150 take nufi. Ka ninka abin da aka faɗa sau biyar, cikin mako biyu kanka zai saba.

Yaushe zan ga albashin farko, kuma waɗanne takardu zan nema?

Nan ne zuciya ke karyewa in ba a shirya ba. Sabon ma'aikacin gwamnati yakan jira fitowar lambarsa da shigar sunansa cikin tsarin biya, abin da kan ɗauki watanni, daga baya a haɗa masa abin da ya bi a ba shi a dunƙule. A kamfani ko ƙungiya ya fi sauri, amma can ma in ka kama aiki tsakiyar wata, mai yiwuwa sai ƙarshen wata na gaba. Ka zo da guzurin da zai riƙe ka wata uku in za ka iya. In ba ka iya ba, ka gaya wa mai gida da mai shago gaskiya tun farko. Mutanen nan sun saba da sababbin ma'aikata, kuma sun fi haƙuri da wanda ya faɗi halinsa a kan wanda ke ɓuya.

In a kamfani kake, ka nemi kwantaragi a rubuce, ka karanta tsawon lokacin gwaji. Dokar ƙwadago ta 2012 ta sa awa 40 a mako, hutun shekara kuma kwana biyu da rabi ne a kan kowane watan aiki. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun Janairun 2024. Ka tabbata an yi maka rajista a CNSS, asusun da ke riƙe fansho da haɗarin aiki da kuɗin iyali, ka karɓi lambarka da hannunka. Ana cire kashi 5.25 cikin ɗari na albashinka dominsa, mai aiki kuma yana zuba nasa kason. Takardar albashi ta kowane wata ka adana ta a leda. Na san mutumin da ya yi shekara uku ana cire masa kuɗin, ranar da ya bar aikin ya je ya tarar ba a taɓa zuba ko dala ba, kuma takardun nan da ya ajiye ne suka tsaya masa gaban sufeton ƙwadago.

Yaya zan zauna da mutane a wurin aiki?

Takarda da taro da Faransanci ake yi, amma aiki da Hausa yake tafiya. Za ka kuma ji Barbarci da Fulatanci da harshen Buzaye da na Tubawa a farfajiya. Da safe ka bi biro-biro, wato ofis-ofis, ka gaisa kafin ka zauna, tun daga mai gadi har shef. Gaisuwa a nan ba a gaggauta ta: kwana, gajiya, gida, iyali, baƙunta. Dattijon da ya girme ka, ko da kai ne shugabansa a takarda, Baba ne ko Malam ko Alhaji, babbar mace kuma Hajiya ko Inna. Wata uku na farko ka fi sauraro. Kowane wurin aiki yana da tsohuwar rigimarsa, kuma kowane ɓangare zai so ya ja sabon zuwa. Kalmar nan ta "mu a Yamai ba haka muke yi ba" ka haɗiye ta, ko gaskiya ce.

In aka zagayo da takardar gudummawar suna ko biki ko rasuwa, ka sa abin da ka iya, ka kuma je da ƙafarka. Zuwa ta'aziyya sau ɗaya yana buɗe maka ƙofar da wata shida na gaisuwar biro ba za su buɗe ba. Ranar Juma'a ana tashi da wuri saboda masallaci, don haka takardar da ke buƙatar sa hannu kada ka bar ta sai ranar.

Da me ake zirga-zirga?

Kabu-kabu, wato baburan haya, da adaidaita. Ka yi ciniki kafin ka hau. In kana da niyyar zama, babur naka ya fi, amma ka koyi tuƙi cikin rairayi a hankali, ka sa hular kwano, takardunsa kuma su kasance a aljihunka. Masu aiki a matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 tana tace ganga 20,000 a rana, su tafiyarsu daban ce, don tana wajen kilomita 50 arewa da gari a hanyar Tanut.

Ni ban iya girki ba. Yaya zan yi da abinci?

Ba za ka kwana da yunwa ba. Da safe akwai koko da ƙosai, akwai mai shayi da burodi da ƙwai a kowace kusurwa. Da rana shinkafa da wake, ɗan wake, dambu da zogale, ko fura da nono wadda a lokacin zafi ta fi komai kwanciya a ciki. Da dare tuwo, ko tsire da kilishi in aljihu ya yarda. Sai dai cin waje sau uku a rana yana cinye albashi ba ka sani ba. Gwauraye da yawa kan yi yarjejeniya da wani gida: ka kawo hatsi ko shinkafa da kuɗin cefane a wata, a riƙa aiko maka kwano da dare. Wannan ya fi araha, ya kuma mai da kai ɗan gida. Ƙaramin butalin gaz mai kilo 6 ya isa shayi da taliya.

Sayayyar wata a Kasuwar Dole ake yi, kuma Alhamis ce babbar ranar kasuwa, ranar da mutanen ƙauyuka ke shigowa da hatsi da dabbobi da kayan miya. Da tiya ake awo. Bayan girbi, wajen Oktoba da Nuwamba, hatsi ya fi sauƙi, mai hali sai ya sayi buhu ya ajiye. Ranar Lahadi kuma kasuwar Mirya ke ci, kilomita 18 daga gari, ga lambuna ga inuwa.

Zafin fa, da lafiya?

Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, wuta kuma a lokacin ta fi ɗaukewa, sai kowa ya fito da shimfiɗa tsakar gida. Ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishi ba. Lokacin ne kuma na sanƙarau, don haka zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne, asibiti kai tsaye. Damina daga Yuni zuwa Satumba gajeriya ce amma tana kawo sauro, gidan sauro dole ne, kuma in zazzaɓi ya kama ka a yi gwajin jini kafin a sha magani. Disamba da Janairu hunturu ne da ƙura, sanyin asuba yana shiga ƙashi, ka zo da bargo. Tun kana lafiya ka san CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, da farmasin da ke kwana a buɗe. Babban asibitin ƙasa yana nan cikin gari in abu ya yi tsanani.

Ni mace ce, kuma ni kaɗai zan zauna. Me ya kamata in sani?

Abokan aikina mata kusan duk abu ɗaya suka ce: gidan da iyali ke ciki ya fi gidan da ke ke kaɗai. Ki nemi ɗaki inda akwai babbar mace, ki gabatar da kanki gare ta da mai unguwa, ki faɗi inda kike aiki da ko 'yar wace gari ce ke. Gari ne mai riƙo da addini da kunya, mayafi ko hijabi shi ne shigar da ba ta jawo magana, baƙi maza kuma a zaure ko ƙofar gida ake ganinsu. Za a yi tambayoyi a kanki makonnin farko, wannan babu makawa. In Hajiyar gidan ta san ki, ita za ta riƙa amsawa a madadinki. Ki kuma riƙe ɗan kabu-kabu ɗaya amintacce don ranar da aiki ya kai ki dare.

An tsorata ni da labarin 'yan pale. Gari lafiya kuwa?

Pale ƙungiyoyin matasa ne da suka yi suna musamman a Kara-Kara, unguwar da asalinta aka ware wa kutare, aka kuma daɗe ana ƙyamar mutanenta. An yi rigingimu, ba ƙarya ba ne. Amma da yawa daga cikin matasan nan 'yan kabu-kabu ne da masu ɗaukar kaya da masu fasa dutse, rashin aiki da wariya ne suka tara su. Ni a shekara shida ba wanda ya taɓa tare ni. Ka kiyaye abin da za ka kiyaye a kowane babban gari: kada ka bi lungun da ba ka sani ba tsakar dare, kada ka riƙe waya a hannu a kan babur, ka kulle babur ɗinka cikin gida. Kuma in ka wuce matasa zaune, ka yi musu sallama.

Kewar gida tana damuna. Yaya ake samun abokai?

Wata na biyu ya fi wuya. Ɗokin sabon wuri ya wuce, albashi bai zo ba, bayan isha'i ɗaki ya yi shiru sai ƙarar waya. Na san wannan daren sarai. Abin da ya fitar da ni shi ne masallacin unguwa da fada. Ka riƙa salla a masallaci ɗaya, cikin mako guda za a san fuskarka, ranar da ba a gan ka ba a tambaya. Fada kuwa ita ce majalisar shayi ta ƙofar gida, kowace da mutanenta da irin hirarta. Ka zauna a biyu ko uku kafin ka zaɓa, don zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In ka samu wadda ta dace da kai, wata rana ka zo da sukari da ganyen shayi ba tare da an ce ka kawo ba. Akwai kuma ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, na Tawa, na Dosso, na Difa, masu taron wata-wata da asusun taimako.

Ka fita ka ga garin ma. Hawan salla a ƙofar fada, da dawakai da algaita da dogarai cikin ja da kore, abu ne da ya kamata ka tsaya ka gani ko sau ɗaya maimakon ka gudu gida kowace salla. Akwai wasan kara, akwai kokowa, akwai dukawa masu aikin fata da za ka zauna kana kallon yadda jaka ke fitowa daga hannunsu.

'Yan gida sun fara kira tun ban karɓi komai ba. Yaya zan yi?

Aika kuɗi ba wuya, ga Nita ga Al Izza ga Amana a kowace unguwa. Wuyar ita ce yanke adadi. Ka zauna da mahaifi ko babban wa ka faɗa masa abin da kake samu da abin da haya da ruwa da abinci ke ci, ka sa wani abu tsayayye da za ka riƙa aikawa kowane wata. Kaɗan da ba ya yankewa ya fi amfani ga gida a kan mai yawa da ke zuwa sau ɗaya ya bar ka da bashi. Adashin wurin aiki yana taimakawa wajen sayen babur ko katifa, in dai ka san mai riƙe da shi.

Yaushe zan ɗauko iyali?

In za ka iya jurewa, ka bari ka ga bazara ɗaya a gidan da kake so ka sa su. Ɗakin da ya ishi gwauro da bido biyar ba zai ishi mace da yara uku da wanki ba, kuma gidan da pamponsa ke zuba a Disamba ba lallai ya zuba a Mayu ba. In akwai 'yan makaranta, ka daidaita zuwansu da buɗe lakwal a farkon Oktoba, ka karɓo takardun canjin makaranta da na haihuwa da katin rigakafi tun kafin su taso. Ni a watan Satumba na shekara ta biyu na ɗauko nawa, bayan na koma shambur-salo a layin bayan gidan farko, da tano biyu a tsakar gida. Washegarin isowarsu na kai uwargida ta gaida Inna, ita kuma ta haɗa ta da jikarta ta raka ta Kasuwar Dole ran Alhamis, ta nuna mata wurin masu daddawa da wurin da ake niƙa.